Wa Ya Ba Mu Gadin Ƙofar Coci?

Mu Kiristocin Arewa akwai mu da son dokokin Musa, in dai a kan wani suka faɗa. Ka tsaya a gindin darbejiyar coci ran Lahadi bayan an tashi sujada, lokacin da dattawa suke ciki suna ƙirga baiko, yara suna rububin mai ƙosai, za ka ji ana zazzago Littafin Firistoci da ka, ba wanda ya ko buɗe shi. Wata uwar zumunta ta ce ita dai tun tasowarta ta san mai haila ba ta karɓar jibin Ubangiji, ba ta kuma taka kusa da bagade ko da shara za ta yi. Wani baba ya gyara zaman hularsa ya ce yaron da aka haifa ba aure ai ba a miƙa shi gaban jama'a, a kai shi ofishin fasto ran Talata, a tura ƙofa, a yi masa addu'a. Wata kuma ta tafa hannu ta ce ta ga maijego a coci sati uku da haihuwa, ita kam ba ta san inda duniya za ta da mu ba. Kowa da ayarsa a baki, kuma har yau ba a ji wanda ya jawo ayar da ta kama shi ba. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Kada a ce ƙirƙira suka yi, dokokin suna nan a rubuce, ba wanda ya goge su. Maimaitawar Shari'a sura 23 ta hana wanda aka dandaƙe shiga taron jama'ar Ubangiji, ta hana shege har tsara ta goma, ta hana Ammonawa da Mowabawa don ba su tari Isra'ilawa da abinci da ruwa ba lokacin da suka fito daga Masar, suka ma yi hayar Bal'amu ya la'ance su. Edomawa da Masarawa an yi musu rangwame, tsararsu ta uku tana iya shiga. Littafin Firistoci sura 12 ta tsare maijego daga wuri mai tsarki kwana 40 in namiji ta haifa, kwana 80 in mace ce. Sura 15 ta ba mai haila kwana 7, sura 13 ta fitar da kuturu bayan zango da yagaggun tufafi, sura 21 kuma ta hana firist makaho, ko gurgu, ko mai doro, ko wada, ko mai hakiya a ido miƙa hadaya, ko da yake ta bar shi ya ci abinci mai tsarki tare da 'yan'uwansa.

To, tunda mun ce muna so, a kawo mudun mu auna kanmu da shi.

Mu ne mutanen jana'iza. Ran Asabar mu cika motoci mu nufi ƙauye, mata su wanke gawa, samari su saɓa akwati a kafaɗa, a buɗe fuska kowa ya zo ya leƙa, 'yan kwaya su zagaye ta da waƙa har dare, gari na wayewa kuma mu ne a bencin gaba da gugaggiyar riga. Littafin Ƙidaya sura 19 bai tsaya kan wanda ya taɓa gawa ba, har wanda ya shiga inda take ya ƙazantu kwana 7, kuma ba ya tsarkaka sai an yayyafa masa ruwan tokar jar karsana a rana ta uku da ta bakwai. A duk kasafin kuɗin da sakataren coci ya taɓa karanta mana, akwai siminti, akwai man janareta, akwai gyaran babur ɗin mai bishara, ban taɓa jin an ambaci jar karsana ba.

Sura 15 ɗin nan ta Littafin Firistoci da muke karanta wa mata da babbar murya, da maza ta fara, sai dai idon mai karatu yakan yi tsalle ya dira a aya ta 19. Aya ta 18, wadda take sama da ita kaɗan, ta ce miji da mata in sun kwana tare su yi wanka, kuma ba su da tsarki sai yamma. Ku duba fa abin da zai faru da za a kafa wannan a cocinmu. Sujadar safe ta zama rajistar unguwa ke nan: gidan da ba a gani ba an san dalili, wanda kuma ake gani kowace Lahadi ba fashi sai dattawa su ja shi gefe su tambaye shi ko lafiya. Shi ya sa ba a taɓa kawo ta a taron dattawa ba. A bar kaza cikin gashinta.

Maganar arba'in ma haka take. Muna cewa Littafi ne ya faɗa, amma namiji ko mace, kwana 40 muke yi, daidai da maƙwabtanmu Musulmi, daidai da kakanninmu da ba su taɓa jin sunan Musa ba. Wankan jego ne da kunun kanwa da gasasshen nama, muka ɗauko aya muka yafa masa. Wace maijego ce ta haifi mace ta zauna kwana 80? Ko ta so, ofis ba zai bari ba, gona ba za ta bari ba. Shari'ar kuma ta ce ranar fita ta kawo ɗan rago bana ɗaya da tattabara ko kurciya, in ba ta da hali ta kawo tsuntsaye biyu, kamar yadda Maryamu da Yusufu suka yi a Luka sura 2. Mu kuwa ambulan muke kawowa da kiret ɗin lemo, a yi rawa daga ƙofa har bagade, Mama Fasto ta karɓi jariri ta yi guɗa. Hutun yana da kyau, jikin mace yana bukatarsa, kada kowa ya taɓa mana shi. Amma wadda ta ji ƙarfi ta zo a sati na uku ba ta karya dokar kowa ba sai ta surukarta.

Cin abinci kam ba sai an daɗe a kai ba. Littafin Firistoci sura 11 ta hana duk kifin da ba shi da ɓawo, tarwada ke nan da muke sha a farfesu bayan taron kwamiti. Ta hana alade, da zomo, da rema, da raƙumi, da duk abin da yake tafiya a kan dagi. Ban kira sunan kowa ba, mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as. Fara ce ta sha da kyau, an halatta ta, mutanen Maiduguri sun ci riba. Wando kuma, Maimaitawar Shari'a sura 22 ce muke kafa wa 'yan mata, alhali surar nan ɗin ta ce duk wanda ya gina sabon gida ya yi wa rufinsa katanga kada wani ya faɗo, ta kuma hana sa tufar da aka haɗa ulu da lilin. Ba mu taɓa tsayar da mai gida a ƙofa mun tambaye shi labarin rufinsa ba. Zakka kuwa, da wuya ka ji an ce ta wuce tare da Tsohon Alkawari. Mun mai da Shari'ar Musa kwanon miyar biki, kowa ya tsoma hannu ya tsince tsokar da yake so, ya tura wa na kusa da shi ƙashi.

Babban abin dariyar shi ne, da mai gadin da wanda ake korar, dukanmu al'ummai ne. Bahaushen Wusasa, da mutumin Kagoro, da na Pankshin, da na Garkida, da na Maraɗi, ba ɗaya da ya fito daga zuriyar Yakubu, balle fastocinmu su ce su jikokin Haruna ne. A Haikalin Urushalima na zamanin Yesu akwai wata gajeriyar katanga da wanda ba Bayahude ba ba ya ƙetarewa, an kafa duwatsu a jikinta ɗauke da gargaɗin cewa baƙon da ya wuce nan shi ya jawo wa kansa mutuwa. An gano ɗaya daga cikin duwatsun a 1871, da rubutun Helenanci a jiki, yana nan a gidan tarihi na Istanbul. A Ayyukan Manzanni sura 21, saura kaɗan a kashe Bulus don kawai an zaci ya shigar da Tarofimas mutumin Afisa ciki. Da muna wurin, da Baba Dattijo da sandarsa da yarinyar da ya hana zama a gaba, duk a bayan katanga ɗaya za mu yi cirko-cirko.

Tsara goma kuwa, wa ya san tasa? Yawancinmu in an wuce kakan kaka sai mu fara kallon sama. Wa ya ɗaura auren kakanka na bakwai, a wane coci, su wa suka shaida? In za a bi wannan da gaske, sai a rufe ƙofa a bar makulli a hannun wanda ba a haifa ba tukuna.

Abin da muke mantawa shi ne dalilin dokokin tsarkin nan. An kafa su ne don kiyaye wuri guda, Alfarwa da farko, Haikali daga baya, inda ake yanka hadaya, inda babban firist kaɗai yake shiga can ciki sau ɗaya a shekara. Kuma ƙazanta a wurinsu ba zunubi ba ce. Haihuwa ba laifi ba ce, binne mahaifi ba laifi ba ne, kwana da iyali ba laifi ba ne, abu ne da yake samun kowa, a yi wanka, a jira lokaci ya cika, a dawo. Mu ne muka cakuɗa su, har yarinya 'yar shekara 14 take jin kamar ta yi wa Allah wani abu duk wata.

Tun a Tsohon Alkawarin ma ƙofar ba ta rufu ruf ba. Rut Bamowabiya ce, daga mutanen nan da aka ce ko tsara ta goma kada su shiga, amma ta auri Bo'aza a Baitalami, ta haifi Obida, Obida ya haifi Yesse, Yesse ya haifi Dawuda. Ku ƙirga da yatsa, ko hannu ɗaya ba a cika ba. Yefta ɗan karuwa ne, 'yan'uwansa suka kore shi daga gida, da yaƙi ya zo dattawan Gileyad suka bi shi suna roƙo, ga sunansa kuma cikin jaruman bangaskiya a Ibraniyawa sura 11. Ishaya sura 56 ta yi wa dandaƙaƙƙu da baƙi masu riƙe alkawari albishir da wuri da suna a cikin gidan Allah. Matiyu da ya zo jera asalin Yesu bai ɓoye Tamar da Rahab da Rut da matar Uriya ba, abin da da mu ne muke rubuta takardar shirin biki da mun tsallake su a ce wuri ne ya ƙare.

Shi Yesu kuma, matar da ta shekara 12 tana zubar da jini ta kutsa cikin taro ta taɓa rigarsa, bai aika a kawo ruwa ba, ya kira ta 'yarsa ya sallame ta lafiya. Ya miƙa hannu ya taɓa kuturu, ya kama hannun gawar 'yar Yayirus. A Ayyukan Manzanni sura 8 ga ma'ajin sarauniyar Habasha, dandaƙaƙƙe, baƙo, yana komawa daga Urushalima ta hanyar Gaza yana karanta Ishaya a cikin karusa. Da suka iso ruwa ya tambayi Filibus ko akwai abin da zai hana a yi masa baftisma. Filibus ya san Maimaitawar Shari'a sura 23 sarai, ya shiga ruwa da shi. Da gardama kan ko al'ummai za su bi Shari'ar Musa ta yi zafi, wajen shekara ta 49, manzanni da dattawa suka zauna a Urushalima, Bitrus ya yi magana, Yakubu ya yanke, aka rubuta wa al'ummai abu huɗu kacal: su guji abin da aka yanka wa gumaka, da jini, da maƙararriyar dabba, da fasikanci. Ba kwana 40 a ciki, ba tsara goma. A shekara ta 70 Romawa suka rushe Haikalin kansa. Saboda haka amsar a fili take, dokokin nan ba su ɗaure Kirista ba, kuma ginin da muka yi da bulo da kwano a unguwarmu ba Haikalin Urushalima ba ne, ko mun sa tayil a bagade.

A yi mana adalci dai, ba mu muka fara wannan ja-in-jar ba. A ƙarni na 3 Diyonisiyus bishop ɗin Iskandariya ya ce mai haila kada ta kusanci teburin jibi. Wajen shekara ta 601 Agustin, wanda aka aika Ingila wa'azi, ya rubuta wa Paparoma Giregori irin tambayoyin gindin darbejiyarmu, aka ba shi amsa cewa kada a hana ta shiga coci ko karɓar jibi, maijego ma in ta so zuwa godiya a ranar da ta haihu ba ta yi laifi ba. Cocin Habasha har gobe yana yi wa yaro baftisma a kwana 40, yarinya a kwana 80. Cocin Celestial da aka kafa a Porto-Novo a 1947 yana tsare mata kwana 7, kowa kuma yana tuɓe takalmi a ƙofa. Angilika sun rubuta tun 1571 cewa dokokin Musa na hidimar ibada da na mulkin ƙasa ba su ɗaure Kirista ba, na ɗabi'a ne suke nan daram. Katolika kuma, dokarsu ta 1917 ta sa haihuwa ba aure cikin abin da yake tare wa mutum hanyar zama fada sai an yi masa sassauci, ta 1983 ta cire. Su masu riƙe dokar aƙalla sun faɗa a fili kowa ya san matsayinsa. Mu namu ba ya cikin kundin coci, da harara ake yinsa, da raɗa, da matsawa gefe a benci.

Kuma ya kamata mu fi kowa jin kunyar wannan, don mun san ta inda muka fito. Daga ƙarshen shekarun 1930 'yan mishan suka shiga kula da kutare a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato, ga Garkida tun kafin nan, ga Danja kusa da Maraɗi daga baya. Da dama cikin waɗanda suka fara riƙe Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka buga a 1932, da dungulmin hannu suka riƙe shi, suka koma garuruwansu suka zama masu bishara. Da Littafin Firistoci sura 13 aka bi, da wasu majami'unmu ba a aza harsashinsu ba.

Da yake gadin ya shiga jininmu, inda Musa bai sa ƙofa ba mu muka sa. Ranar zumuntar mata, wadda ba ta ɗinka anko ba ta san bencinta. Mutum ya mutu, kafin a ce Allah ya ba da haƙuri an ɗauko littafin kuɗin wata a ga ko ya cika, in da saura sai 'yan kwaya su ce ba su da mota. Babban baƙo ya iso ana tsakiyar wa'azi, mai tsaron ƙofa ya ruga ya karɓi jakarsa, a tashi wata tsohuwa da ta zo tun ana share coci a ba shi kujerarta, mai wa'azi ya dakata a tafa masa. Wasiƙar Yakubu sura 2 ta zana wannan hoton sak, har da zoben zinariya, amma ita ba ta cikin ayoyin da muke haddacewa. Ga kuma matar nan da take ta biyu a gidan mijinta, kowane coci yana da irinta, ita ce take hura wutar tukunyar kowane taro, ita ce take kwana wurin makoki, gashinta ya yi fari a cikin zumunta, amma in an ɗauko faranti da ƙananan kofuna sai ta sunkuyar da kai ya wuce ta. Bishop-bishop na Angilika sun hana mai mata fiye da ɗaya baftisma a taron Lambeth na 1888, suka sassauta bisa sharaɗi a 1988, shekara 100 cif. Mu har yanzu kwamiti yana duba maganar.

Ba cewa nake a bar horo ba, kada wani ya kai ƙarata wurin Baba Fasto. Sabon Alkawari yana da nasa. A Koranti Bulus ya sa an fitar da mutumin da yake zama da matar ubansa, Matiyu sura 18 kuma ta tsara yadda ake bi, a fara da mutum shi kaɗai, sa'an nan da shaidu, sa'an nan ikkilisiya. Amma wannan a kan abin da mutum ya aikata ya ƙi tuba ne, ba a kan yadda aka haife shi ko abin da jikinsa yake yi ba, kuma a wasiƙa ta biyu Bulus ya ce wanda aka hora a yafe masa a ƙarfafa shi kada baƙin ciki ya cinye shi. A jerin waɗanda Bulus ya ce a guje su akwai mai haɗama, da mai zage-zage, da mashayi, da mazambaci. Mu kuwa horonmu ciki kawai yake gani, don shi ne ba ya ɓoyuwa. A kira sunan yarinya a gaban jama'a, ta tashi tsaye tana murza bakin gyale, a tura ta bencin baya wata shida, saurayin kuwa yana can yana kaɗa jita a bayan 'yan kwaya, sai ka ce hannu ɗaya ne ya ɗauki jinkar. Wanda ya cinye kuɗin fanshon mutane shi ne shugaban taron neman gudummawar gini. Laifi tudu ne, kuma dukanmu muna tsaye a kan namu, har da mu da muke zaune muna leƙe ta wutsiyar ido muna cewa Allah ya kyauta.

Iyayenmu dattawa, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. In za ku sa yarinya a horo, ku nemo yaron ku zaunar da su benci ɗaya, ku faɗa musu ranar da za su dawo, in ranar ta zo kuma ku karɓe su da babbar murya kamar yadda kuka kira sunansu. Jaririn kuma bai yi wa kowa komai ba. Ku miƙa shi ran Lahadi a gaban jama'a, Mama Fasto ta yi masa guɗa kamar ɗan kowa.